Yadda ake zana taswirar mazaunin wel, dolfin da tsuntsayen teku a Mashigin Gini, mataki-mataki

Ɗaliban kimiyyar halittu da matasa masu aikin sa kai a Legas, Akra da Duwala sun daɗe suna maimaita mini tambaya guda. Mutum ya ga dolfin ko wel (babbar dabbar teku mai shayarwa, whale a Turance) a teku, ya ɗauki hoto, to daga nan yaya ake yi har abin ya zama taswirar da hukuma za ta duba ta ce a nan a rage zuba raga, a can jirgi ya rage gudu? Ga amsar a jere. Na tsara ta ne don gaɓar Mashigin Gini, daga Ghana zuwa Kamaru, kuma don mai ƙaramin aljihu da kwalekwalen haya, ba don mai babban jirgin bincike ba.

Abu guda nake so ka riƙe kafin mu fara, domin duk matakan da ke ƙasa a kansa suke tsaye. Idan taswirarka ta nuna inda ka ga dabba kawai, ba ta nuna inda ka duba ba, to taswirar yawonka ka zana, ba ta mazaunin dabbar ba. Dole ka rubuta kowace kilomita da ka duba, har da wadda ba ka ga komai a cikinta ba.

1. Tsayar da tambaya ɗaya da wuri ɗaya

Gaɓar tekun Najeriya kaɗai ta kai kimanin kilomita 853. Ba za ka iya da ita duka ba. Zaɓi yanki mai tsawon kilomita 30 zuwa 50 wanda za ka iya komawa cikinsa a kai a kai, sannan ka zaɓi dabbar da kake nema, domin ita ce za ta yanke maka lokaci da nisan da za ka shiga teku.

Wel mai doro, wato Megaptera novaeangliae, yana kiwo ne a ruwan Antatika, ya taso zuwa Mashigin Gini don haihuwa daga wajen Yuli zuwa Oktoba ko Nuwamba. Wanda ya fita nemansa a watan Maris asarar mai kawai zai yi. Dolfin mai doro na Atlantika, Sousa teuszii, shi kuma ba ya nisa da gaɓa. Yana zama ne a ruwan da zurfinsa bai wuce mita 20 ba, musamman bakin koguna, kuma tun 2017 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa, tare da kiyasin cewa waɗanda suka rage ba su kai 3,000 ba. A ganina, mai kwalekwale ba shi da aikin da ya fi wannan amfani, domin dabbar tana inda jirginsa zai iya zuwa, kuma kowane gani guda da aka tabbatar yana da daraja. Tsattsewar teku (tsuntsun da ake kira tern a Turance) da ke zuwa daga Turai kuwa ta fi yawa a gaɓar Ghana a watannin Satumba da Oktoba.

Rubuta tambayarka cikin jimla ɗaya, misali: “A wane ɓangare na bakin kogin nan dolfin ya fi zama, kuma ina ne hakan ya haɗu da wurin zuba raga?”

2. Tattara abin da aka riga aka sani

Kafin ka sayi lita guda ta fetur, zauna da kwamfuta. Rumbunan intanet na OBIS da GBIF suna ba da bayanan ganin dabbobi kyauta, OBIS-SEAMAP na Jami'ar Duke ya keɓanta da dabbobin teku masu shayarwa da tsuntsaye da kunkuru, eBird yana da na tsuntsaye. Sauke taswirar zurfin teku daga GEBCO. Za ka ga wuraren da babu ɗigo ko ɗaya a gaɓar Najeriya. Kada ka ɗauka babu dabba a can, galibi babu wanda ya je ya duba ne.

Daga nan sai masunta, kuma a nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Fara da sarkin masunta na garin, ka gaishe shi yadda ya dace, ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Ɗauki buga-buggen hotunan dabbobin, har da na wasu da ka san babu su a yankin, don ka gane mai amsa maka da “e” saboda kunya ko kara. Shimfiɗa taswirar takarda mai sunayen wuraren da su suke amfani da su, ka bar su su nuna da yatsa. Tambayi watan da suke gani, zurfin ruwan, da irin ragar da dabbar ta fi faɗawa.

Hattara: kada tambayarka ta farko ta zama “kuna kama dolfin?” Doka ta hana a ƙasashen yankin, kuma da zarar sun ɗauke ka ɗan leƙen asirin hukuma, bakinsu ya rufe ke nan. Haka kuma ka rarrabe dolfin da ayu tun da wuri. A bakin koguna mutane kan haɗa labarin su biyun, alhali ayu ba shi da fiffike a gadon baya.

3. Izini da tsaro

A Najeriya, nemi wasiƙa daga jami'arka ko ƙungiyarka, ka tuntuɓi cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Legas, sannan ka sanar da sansanin sojan ruwa ko 'yan sandan ruwa mafi kusa. A Ghana hukumar kula da kamun kifi da sashen kula da namun daji su ne ƙofar shiga. Jirgi maras matuƙi yana bukatar izininsa daban daga hukumar sufurin jiragen sama, kada ka tayar da shi da ka.

Hattara: akwai tazarar tsaro ta mita 500 a kewayen dandamalin haƙar mai a teku. Kada ka shiga, kada ka ɗaga kyamara wajensa. A wasu sassan Neja Delta kuma batun 'yan fashin teku da masu garkuwa ba wasa ba ne. Idan mutanen gari suka ce kada a bi wani rafi, a bar shi, a rubuta a takarda cewa ba a duba shi ba saboda tsaro.

4. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Abin da ba makawa: madubin hangen nesa mai lamba 7x50 wanda ruwa ba ya shiga, na'urar GPS ta hannu da batura na ajiya, kamfas, agogo, allon rubutu da fensir (biro yana narkewa idan ruwan gishiri ya taɓa takarda), jakar da ruwa ba ya ratsawa, rigar kariya daga nutsewa ga kowa da kowa, ruwan sha, hula da maganin jiri. Kyamara mai ruwan tabarau na milimita 300 tana da muhimmanci, amma ana iya aro ko haya. Madubi mai kyau da GPS na hannu kowannensu yakan kama daga wajen dala 100 zuwa sama. Waya ma tana iya riƙe hanya ba tare da sabis ba, kuma manhajoji irin su KoboToolbox da CyberTracker kyauta ne, sai dai rana tana dusashe allon waya, zafi yana kashe ta. Riƙe ta a matsayin mataimaki, takarda ita ce asali. Manhajar QGIS da za ka zana taswirar da ita ba a biyan ko kwabo.

Kuɗin gaske a jirgi da mai yake tafiya. Lissafa shi haka. Idan layukanka na yini kilomita 60 ne, kana tafiya kilomita 12 a awa, awa biyar ke nan, ban da zuwa da dawowa da tsayawar ɗaukar hoto. A fita ta farko auna litar da injin ya sha a awa, ka ninka da awannin aikin gaba ɗaya. Ƙara kuɗin hayar jirgi, ladan direba da yaronsa, man injin, abinci da masauki. Sannan ka ware wani kaso don ranakun da za ka biya masauki amma iska ta hana fita, domin tabbas za su zo. A yi ciniki da mai jirgi tun farko a kan abin da za a biya idan aka fita aka dawo bayan awa ɗaya, in ba haka ba rigima tana jiranka a bakin ruwa.

Hattara: ƙa'idar mai a teku ita ce kashi ɗaya cikin uku na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Kuma ka manta da maganar maƙala wa wel na'urar tauraron ɗan adam. Kowace ɗaya dubban daloli ce, tana bukatar ƙwararre da izini na musamman.

5. Zana layukan da za ka bi

Nan ne yawancin masu farawa suke ɓata aikin tun kafin su jiƙa ƙafa. Sukan ce wa direba “kai mu inda ake ganinsu”. Za ku gansu kuwa, ku dawo da hotuna masu kyau, amma bayanin ba zai gaya wa kowa ko wurin ya fi wani wuri ba, tunda wurin kaɗai kuka je.

Buɗe QGIS, ka ɗora taswirar zurfi, ka zana iyakar yankinka. Ja layuka da ke fita daga gaɓa zuwa cikin teku, suna ratsa zurfi daban-daban, ba masu bin gaɓa a kwance ba. Dalili shi ne dabbobin nan zurfi suke bi. Layin da ya bi gaɓa a zurfin mita 10 daga farko har ƙarshe labarin mita 10 kawai zai ba ka. Domin kada ka ɓata mai wajen tsallakawa daga layi zuwa layi, yi su a karkace kamar haƙoran zarto, ƙarshen wannan ya zama farkon wancan. Bar tazara iri ɗaya a tsakani, kilomita 2 zuwa 4 ta isa ga ƙaramin yanki. Wurin fara layin farko kuma ƙuri'a za ta zaɓa, ba son zuciyarka ba. Sa wa kowane layi lamba, ka zuba kusurwoyinsa cikin GPS.

Ga dolfin mai doro akwai sassauci. Tunda yana maƙale da gaɓa da bakin koguna, masu bincikensa kan bi gaɓar a tazarar da ba ta canzawa, su shiga rafuffuka. Wannan ya halatta, muddin hanya ɗaya ake maimaitawa kowane zagaye kuma GPS yana riƙe da ita.

6. Shirya takardu biyu, ba ɗaya ba

Takarda ta farko ta ƙoƙarin dubawa ce. A kanta ake rubuta kwanan wata, lambar layi, lokacin fara duba da lokacin dainawa, wurin da aka fara da inda aka tsaya, sunayen masu duba, gudun jirgi, tsayin idon mai duba daga saman ruwa, yanayin teku, nisan da ido ke kaiwa, da ɓangaren da hasken rana ke kashe ido. Ana sabunta ta duk minti 15, da kuma duk lokacin da wani abu ya canza.

Yanayin teku da ma'aunin Bofot ake rubuta shi. 0 ruwa ne lumui kamar madubi, 1 da 2 ƙananan igiyoyi ne marasa kumfa, a 3 farar kumfa ta fara ɓullowa nan da can, a 4 ta yawaita. Daga 4 zuwa sama fiffiken dolfin yana ɓacewa cikin kumfa, saboda haka rubuta “an daina duba”, ko da jirgi yana ci gaba da tafiya.

Takarda ta biyu ta gani ce: lambar gani, lokaci, wurin GPS, kusurwa, nisa, nau'in dabba, yawansu, akwai jarirai ko babu, me suke yi, lambobin hotuna, da ragar masunta ko jirgin da ke kusa.

7. Ranar fita

A fita da sassafe, domin a gaɓar nan iska takan tashi bayan azahar. Kunna GPS tun a bakin ruwa, ka sa shi ya riƙa ajiye wuri duk daƙiƙa 30 ko ƙasa da haka. Ɗauki hoton allon GPS ɗin yana nuna lokaci, da kyamarar da za ka yi aiki da ita. Wannan hoto guda shi zai ba ka damar haɗa kowane hoto da wurin da aka ɗauke shi daga baya.

Mutum uku ne mafi ƙaranci ban da direba: ɗaya yana duba daga goshin jirgi zuwa dama, ɗaya zuwa hagu, ɗaya yana rubutu. Ku riƙa musanya duk rabin awa, domin ido yana gajiya fiye da yadda mai shi yake zato. Yawancin dubawa da ido tsirara ake yi, madubi na tabbatarwa ne. Abin da ake nema shi ne feshin numfashi, fiffike, fantsamar ruwa a inda babu iska, ko tarin tsuntsaye suna faɗawa ruwa wuri guda. Tsayin wurin tsayawa yana da tasiri sosai: idon da ke mita 2 sama da ruwa yana hango kimanin kilomita 5 ne, wanda ke kan tudu mai mita 20 yana kaiwa wajen 16. Shi ya sa ake rubuta tsayin, shi ya sa kuma wanda ba shi da kuɗin jirgi zai iya zama a tudu ɗaya na gaɓa, awa biyu kowace safiya, ya tara bayani mai amfani a kan wel mai doro.

Hattara: hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yakan sauka har teku. Ruwa zai kwanta lafiya amma ido ba zai wuce kilomita ɗaya ko biyu ba. Rubuta hakan. Kuma a garuruwan masunta da yawa na Ghana ba a fita teku ranar Talata, kada ka sa ta cikin jadawali kafin ka tambaya.

8. Da zarar an ga dabba

Tsarin yana da muhimmanci a nan, kuma daƙiƙu goma na farko su ne komai. Kafin direba ya juya jirgi, kafin kowa ya ɗaga kyamara, danna GPS, ka karanta kusurwar da dabbar take daga goshin jirgi, ka kiyasta nisanta. Da waɗannan biyu ake gano tazararta daga layin. Misali, dabbar da ke nisan mita 400 a kusurwar digiri 30 tana mita 200 ne daga layi. Idan aka juya jirgi kafin a karanta kusurwa, wannan lissafi ya tafi har abada.

Kiyasin nisa a kan ruwa yana yaudarar kowa. Kafin aikin ya fara, jefa jarka mai igiya a ruwa, ka danna wurinta a GPS, ku yi nisa da ita, kowa ya faɗi kiyasinsa a ɓoye, sannan a duba na'ura. Maimaita har kowa ya san ko shi mai ƙarawa ne ko mai ragewa. Ka kuma hana mutanenka cika lamba: idan takardarku cike take da digiri 0, 45 da 90, ba a auna ba, an yi zato ne.

Bayan haka rubuta “an daina duba”, sannan a nufi dabbar a hankali, daga gefe, ba ta gaba ba kuma ba ta baya ba. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce mita 100 daga wel, mita 50 daga dolfin, a ƙara nisa sosai idan uwa ce da jariri. Kada a raba garke biyu, kada a canza gudun inji kwatsam. A ƙidaya sau uku: mafi ƙarancin adadi, mafi yawa, da wanda aka fi amincewa da shi. Kowa ya yi nasa kafin a haɗa baki.

Hoto kuma ba na ado ake nema ba. Ga dolfin, fiffiken baya ake so, daga gefe sosai, rana tana bayanka, domin tsaguwa da tabon da ke gefensa su ne shaidar kowane ɗaya. Ga wel mai doro, ƙasan wutsiya ake ɗauka lokacin da ya ɗaga ta zai nutse, zanen fari da baƙin da ke wurin babu biyu masu iri ɗaya. Sa saurin kyamara a 1/1000 ko fiye. Tsakanin garke da garke ɗauki hoton takardarka don kada hotuna su cakuɗe. Da aka gama, koma daidai inda aka bar layi, a rubuta “an ci gaba”.

Hattara: idan ba ka tabbatar da nau'in ba, rubuta “dolfin, ba a tantance ba”. Dolfin mai bakin kwalba ma yana zuwa kusa da gaɓa, kuma daga nesa ana rikita shi da mai doro. Gani guda na ƙarya a kan dabbar da ke dab da ƙarewa zai iya sa masana su yi watsi da sauran bayananka duka.

9. Tsuntsaye

A teku, mutum daban ne zai yi su, ba mai duba dolfin ba. Tsarin da aka saba a manyan jirage shi ne a ƙidaya duk tsuntsun da ke cikin mita 300 a gefe ɗaya na jirgi, daga goshi zuwa kafaɗa. A kwalekwale rage shi zuwa mita 100 ko 200, ka rubuta wanda ka zaɓa, kada ka canza. Na zaune a ruwa ana ƙirga su yayin da aka wuce su. Masu tashi kuwa ba a ƙirga duk wanda ya gifta, sai a lokaci-lokaci, misali a farkon kowane minti, a ƙirga waɗanda ke cikin filin a daidai wannan ƙiftawa. In ba haka ba adadin zai kumbura. Masu bin jirginku ko jirgin masunta a sa musu alama daban.

A gaɓa aikin ya fi sauƙi kuma ya fi arha. Tsattsewar teku tana taruwa a yashi da bakin tafkunan gishiri lokacin da teku ta cika, kamar a Keta, Songor, Sakumo da bakin kogin Densu a Ghana, waɗanda duk suna cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya. Je ka awa ɗaya kafin cikar, rana a bayanka. Ƙirga goma, ka ga girman gungunsu, ka auna sauran da shi, goma-goma ko hamsin-hamsin. Duba ƙafafu: wasu suna ɗauke da zobe mai launi da haruffa da aka sa musu a Turai, kuma hoton zobe guda yana haɗa yashin da kake tsaye da tsibirin da aka ƙyanƙyashe tsuntsun. Wanda ya taɓa shiga ƙidayar tsuntsayen ruwa ta watan Janairu a fadamar Haɗeja da Nguru, ko ya yi aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar APLORI ta Jos ke jagoranta da manhajar BirdLasser, hannunsa ya riga ya faɗa, nau'o'in ne kawai sababbi.

Hattara: idan tsuntsaye suka tashi saboda kai, ka matso da yawa. Ja da baya, ka sake ƙidaya bayan sun sauka.

10. Gawa a yashi da wurin sauke kifi

Dabbar da teku ta turo ko raga ta kama ita ma bayani ce. A Afrilun 2021 garken wel masu kan kankana ya faɗo gaɓar Axim a Ghana, kuma mutane sun kwashe da yawa kafin jami'ai su iso. Idan ka tarar da irin wannan, ɗauki wurin GPS, hoton dukan jiki daga gefe tare da wani abu mai nuna tsawo, hoton kai da haƙora, da na sawun raga a fata. Sa safar hannu, ka kira hukuma, ka gargaɗi mutane kada su ci naman dabbar da ba a san abin da ya kashe ta ba. A ajiye waɗannan a jeri daban, domin inda gawa ta faɗo ba nan ne inda dabbar ta rayu ba.

11. Tsaftace bayani a daren ranar

Kada ka kwana ba ka shigar da takardun cikin kwamfuta ba, tun kana tuna abin da gajeren rubutunka yake nufi. Layi ɗaya ga kowane gani, ginshiƙi ɗaya ga kowane bayani, latitud daban, longitud daban, duka a tsarin digiri mai ɗigo na WGS84, wato tsarin da GPS ke amfani da shi. Ajiye kwafi biyu a wuri biyu, ka ɗauki hoton takardun asali.

Kurakurai biyu suna da mugun wayo a wannan yanki. Yawancin gaɓar Ghana tana yamma da layin Girinwich, wanda ya ratsa Tema, saboda haka longitud ɗinta yana da alamar ragi. Ka manta da alamar, ɗigon da ke gaban Takoradi zai koma can gaban Togo da Benin. Haka idan ka musanya lambobin Legas, 6.4 da 3.4, ɗigon zai faɗa kudu da Neja Delta. A duka biyun cikin teku zai sauka, babu abin da zai ja hankalinka. Maganinsa shi ne ka ɗora ɗigogin a kan hanyar GPS ta ranar, duk wanda bai zauna kusa da ita ba akwai matsala. Lura kuma da agogo: GPS yakan ajiye lokacin Girinwich, wanda ya yi daidai da na Ghana amma yana bayan na Najeriya da Kamaru da awa ɗaya.

12. Zana taswirar

Da farko mayar da komai zuwa tsarin UTM don awo ya zama da mita: shiyya ta 30 ta arewa ga yawancin gaɓar Ghana, 31 ga Legas, 32 ga Akwa Ibom, Kalaba da Kamaru. Yanke hanyar GPS, ka bar sassan da ake duba kawai cikin yanayin teku na Bofot 3 ko ƙasa. Raba taswirar zuwa gidaje masu kusurwa huɗu na kilomita 5 a kan 5, ko ƙasa da haka idan yankin ƙarami ne. A kowane gida lissafa kilomitar da aka duba da adadin gani, ka raba gani da kilomita, ka ninka da 100.

Ga dalilin wahalar duka. A ce gida na farko yana da gani 12 cikin kilomita 300, na biyu yana da gani 3 cikin kilomita 30. A taswirar ɗigo, na farko ne zai cika ido. A lissafi kuwa na farko 4 ne a kowace kilomita 100, na biyu 10. Na farko bakin tashar jirginka ne kawai, inda kake wucewa safe da yamma.

Launi uku daban nake so ka bambanta: inda aka duba aka gani, inda aka duba ba a gani ba, da inda ba a duba ba sam. Gidan da aka duba ƙasa da kilomita 10 a yi masa zane-zane, alamar cewa bayaninsa bai ƙosa ba. Yi taswira daban ga damina da rani. Daga nan ɗora wuraren zuba raga da masunta suka nuna maka, da zirga-zirgar manyan jiragen kamun kifi daga Global Fishing Watch, ka tuna cewa kwalekwale ba ya fitowa a can. Inda launin dabba ya hau kan launin raga, nan ne amsar tambayarka ta mataki na 1.

Hattara: kada ka faɗi jimillar dabbobin yankin daga ɗan abin da ka gani. Manhajar Distance ta Jami'ar St Andrews tana yin wannan lissafi, amma tana bukatar gani 60 zuwa 80 na nau'i ɗaya kafin a amince da sakamakon.

13. Miƙa ta inda za ta yi aiki

Masunta ne farkon waɗanda za su gani, a buge a babbar takarda, a garinsu. Za su gyara maka sunayen wurare, kuma duk dokar da za ta biyo baya a kansu za ta sauka. Sai hukumar da ta ba ka izini, da shafi biyu na bayani cikin harshe mai sauƙi. Hotunan wutsiya a tura su Happywhale, inda ake gwada su da na sauran tekuna. Tsuntsaye su tafi eBird da abokan ƙungiyar kare tsuntsaye ta BirdLife na ƙasar, wato NCF a Najeriya da Ghana Wildlife Society a Ghana. Sauran bayanan a nemi shigar da su OBIS.

Daga irin waɗannan rumbuna ne masana ke ɗebo hujja idan za su ayyana wuri a matsayin muhimmin mazaunin dabbobin teku masu shayarwa ko na tsuntsaye, inda ga tsuntsaye ɗaya daga ma'aunan shi ne wurin ya riƙe kashi 1 cikin 100 na nau'in. Ayyanawar ba doka ba ce, amma gwamnatoci suna dogara da ita, musamman tun da ƙasashe suka amince a Disamban 2022 cewa za su kare kashi 30 cikin 100 na teku kafin 2030. Gabon ta riga ta ware kusan kashi 26 cikin 100 na ruwanta tun 2017.

Hattara: a wasu garuruwan gaɓar nan ana sayar da naman dolfin, ana kuma yanka shi a yi tarkon kifin shak da shi. Taswirar da za ka saki ga jama'a ta tsaya a gidajen kilomita 5 ko 10. Ainihin lambobin GPS na dolfin mai doro da na wuraren kwanan tsuntsaye su zauna a hannunka da na hukuma da masanan da ka sani, kuma ka cire bayanin wuri daga cikin hotuna kafin ka ɗora su a Facebook.